Ina son 'yar Alevi a Ankara, babanta ya ƙi, Hajiyata ma ta ƙi

Saƙon da ya shigo:

"Salam Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Ni ɗan Katsina ne, ina mastas ɗin injiniya a Ankara, shekarata 29. Akwai yarinyar da muke soyayya, Baturkiya ce, nas ce, tana da hankali da kunya wallahi. Sai da muka yi nisa ta gaya min su 'yan Alevi ne, asalin iyayenta mutanen Corum ne. Babanta da hannu bibbiyu yake karɓata a gidansu, har ranar da ta ce masa aure muke so, sai ya ce su basa ba Sunni 'yarsu, yanzu ko gaisuwata baya amsawa. A gida kuma yayana ya yi bincike a intanet ya gaya wa Hajiya wai Shi'a ce, wai ma sun fi Shi'a, basa salla basa azumi, Hajiya ta ce in na aure ta bata yafe ba. Gaskiya bata salla biyar, bata sa ɗankwali, amma na san in na aure ta a hankali zan gyara ta. Abokaina sun ce mu je wurin liman ya ɗaura mana a ɓoye, daga baya kowa zai haƙura. Ya zan shawo kan baban? Ina cikin gaba kura baya sayaki."

Wa alaikumus salam ƙanena. Toh ka tambaye ni yanda zaka shawo kan baban, zan zo wurin, amma akwai maganar da ka saka a tsakiyar saƙon kamar ba komai ba, ita ce ta tsaya min a rai: wai in ka aure ta a hankali zaka gyara ta. Ita yarinyar ta san da wannan shirin? Ka taɓa zaunar da ita ka ce mata ni fa niyyata bayan biki ki fara salla biyar, ki sa hijabi, ki ɗauki azumin Ramadan, ki daina raka mamanki jemevi, wato gidan ibadarsu? Na san baka faɗa ba, don da ka faɗa da yanzu wani saƙon daban zaka turo min. Baban kuwa ba sai ka faɗa masa ba, ya ga irin wannan auren a dangi da unguwa tun kafin a haife ka, ya san inda yake ƙarewa, kuma abinda yake gudu kenan.

Bari na fara da yayanka da bincikensa, don ya haɗa abu uku ya dama su wuri ɗaya. 'Yan Alevi na Turkiyya daban suke da Alawiyyawan Siriya irin su gidan Assad, kuma daban suke da Shi'ar Iran ko wadda muka sani a Zariya. Eh suna matuƙar son Sayyidina Ali da Ahlul Baiti, suna girmama imamai 12, suna makokin Karbala, a nan suka haɗa hanya da Shi'a, amma basu da ayatullahi, basa karɓar fatawa daga Iran, tsarinsu ya fi karkata ga sufanci da waliyyai irin su Haji Bektash Veli na ƙarni na 13, wanda har yau duk watan Agusta ake babban taro a garin da kabarinsa yake. Gwamnati bata ƙirga su daban a ƙidaya, shi yasa kiyasin yake yawo daga kashi 10 har sama da kashi 20 cikin 100 a ƙasa mai mutum wajen miliyan 85. Cikinsu akwai Turkawa, akwai Kurdawa, akwai Zaza. Kuma su kansu bakinsu bai zo ɗaya ba, wani zai ce maka mu ne ma asalin musulunci, wani ya ce hanyarmu ta kanta ce bata cikin musulunci, wani kuma Alevi ne kawai don a ciki aka haife shi, rabonsa da jemevi tun jana'izar kakarsa. Ka riƙe wannan, zai yi amfani in mun zo maganar halacci.

Wata mata da nake sarin labule da zannuwan gado a wurinta a Istanbul ta taɓa gayyatata ibadarsu, jem suke ce mata, ranar Alhamis da daddare. Tun daga bakin ƙofa ta riƙe min hannu ta ce kar na taka dokin ƙofa, tsallakewa ake. Ciki maza da mata ɗaki ɗaya, a zaune a kewaye, fuska na kallon fuska, babu sahu babu liman a gaba, sai dattijon da suke kira dede a zaune kan buzu, shi kuma gadon gida ne, daga zuri'ar da suke dangantawa da gidan Annabi. Aka kunna kyandir. Kafin a fara komai sai dede ya tambayi jama'a ko akwai mai riƙe da wani a zuciya, ko akwai mai bin wani haƙƙi, kuma da gaske yake, in akwai sai an sasanta a gaban kowa sannan a ci gaba. Daga nan mai kiɗan saz, wani molo ne mai dogon wuya, ya fara rera baitoci, wasu maza da mata suka tashi suna juyawa a da'ira ba mai taɓa wani, da aka zo kan Imam Husaini sai kuka ya kaure, tsofaffi har da shessheƙa, aka zagaya da ruwa don tuna ƙishirwar Karbala. A ƙarshe aka raba abincin da kowa ya kawo, ba wanda ya kai loma baki sai da dede ya ba da izini. Ni dai ban ga abin kunya a wurin ba ko ɗaya, haka kuma ban ga sallar da Hajiyarka ta koya maka ba. Duk biyun gaskiya ne kuma duk biyun sun shafe ka.

Na ce ban ga abin kunya ba don akwai wani ƙazafi da aka yi ɗaruruwan shekaru ana yi musu, wai in sun taru sai su kashe kyandir kowa ya kama wadda ya samu. Ƙarya ce tsagwaronta, amma har yau zaka ji ta a bakin wasu, tare da cewa wai ba a cin yankansu ba a cin abincin gidansu. In kana da abokai Turkawa masu irin wannan zancen, kar ka kuskura ka ɗauko shi ko da wasa, a gidan Alevi babu zagin da ya kai wannan.

Yanzu baban. Ka ce mutumin Corum ne ko? Ka san me ya faru a Corum a 1980? Daga ƙarshen watan Mayu zuwa Yuli aka yi ta kai wa unguwannin Alevi hari, aka kashe sama da mutum 50, iyalai da yawa suka bar garin basu koma ba. In baban nan ya kai shekara sittin toh lokacin yana saurayi, da idonsa ya gani ko ya binne wanda ya gani. Kafin nan a Disambar 1978 an yi na Marash, sama da mutum 100, an ma riga an shafa wa gidajen alama a ƙofa. Ranar 2 ga Yuli 1993 a Sivas, bayan an sauko daga Juma'a, gungun mutane suka kewaye otal ɗin Madimak inda mawaƙa da marubuta suka sauka don bikin tunawa da Pir Sultan Abdal, wani tsohon mawaƙin Alevi, suka cinna masa wuta, baƙi 33 da ma'aikatan otal 2 suka mutu, jami'an tsaro na tsaye. A 1995 kuma aka sake zubar da jini a unguwar Gazi a Istanbul. In ka koma baya can akwai Sarki Yavuz Selim na daular Usmaniyya da ya karkashe kakanninsu wajajen 1514, sai gashi a 2016 an buɗe gada ta uku a kan mashigin ruwan Bosforus na Istanbul an sa mata sunansa. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Kai baka ƙona otal ba, lokacin ma ba a haife ka ba, amma a kunnen dattijon nan kalmar Sunni tana zuwa da duk wannan kayan, kuma kai ka shigo gidansa da ita.

Sannan ba tsoron kisa kaɗai ba ne, akwai tsoron narkewa. Tun kundin tsarin mulkin 1982 darasin addini dole ne a makarantun gwamnati, kuma na Sunni ake koyarwa, har sai da wani uba ɗan Alevi ya kai ƙara kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ya yi nasara a 2007. Hukumar addini ta ƙasar, Diyanet, tana biyan limaman masallatai albashi daga harajin kowa har da na Alevi, amma bata ɗauki jemevi a matsayin wurin ibada ba, kotun Turai ta sake cewa an nuna musu bambanci a 2016, da gwamnati ta tashi yin wani abu a 2022 sai ta kafa musu ofis a ƙarƙashin ma'aikatar al'adu da yawon buɗe ido, ƙungiyoyinsu da yawa suka ce mu ba kayan tarihi ba ne. Ko Kemal Kilicdaroglu, mutumin da ya yi shekaru yana jagorantar babbar jam'iyyar adawa, sai a Afrilun 2023 ya fito a bidiyo ya ce ni Alevi ne, ƙasa ta ɗauka kamar wani sabon labari. Toh ka duba ta idon baban, makaranta na jan jikokinsa, gwamnati na jan su, yanzu ga suruki ya zo da shirin gyara.

A al'adarsu ta ƙauye, Alevi haihuwarsa ake, kowane gida yana da gidan dede da yake bi tun kaka da kakanni, kuma ɗa ubansa yake bi. Shi yasa ɗauko amarya daga waje ya fi sauƙi a kan ba da 'ya, wadda aka ɗauko ta shigo, wadda aka bayar ta tafi da duk 'ya'yan da zata haifa. A da, gidan da ya ba Sunni 'ya ana iya yanke masa hukuncin da suke kira dushkun, wato a ware mutum, baya shiga jem, ba a cin abincinsa, wani lokacin ko gaisuwa babu. Birni ya sassauta wannan sosai, tun da aka fara ƙaura zuwa Ankara da Istanbul da Jamus a shekarun 1960 ake ta auratayya, yanzu ba abin mamaki ba ne. Amma kar wannan ya ruɗe ka, yawancin irin auren da na ga sun zauna lafiya, mijin Sunni ne na suna, baya salla sai ta Idi, matar ma bata damu da jemevi ba, addini bai shigo falo ba balle ya kawo faɗa. Kai ba haka kake ba, kai mai salla ne ɗan gidan masu salla, kuma ban ce ka rage ko raka'a ɗaya ba. Ina nuna maka ne kar ka auna aurenka da nasu.

Kuma kar karɓar da ya yi maka a baya ta ba ka mamaki. Mutanen nan sun iya baƙo, sun kuma iya raba zumunci da aure. Akwai ma wata al'ada a gabashin ƙasar, kirve, mutumin da zai riƙe yaro ranar kaciya, daga ranar gidajen biyu sun zama kamar jini ɗaya har aure ya haramta tsakaninsu, kuma sau da yawa Alevi da Sunni suna ƙulla ta da juna. Ka ga dabara, amana har abada, aure kuwa an rufe ƙofarsa cikin mutunci. Shayin da ka sha a gidan na baƙo ne. Maganar launin fata kuma, bazan ce babu ita ba, kai ma ka san yanda wasu suke kallon baƙar fata a motar haya, ƙila cikin dangin akwai wanda wannan ne damuwarsa yake fakewa da addini. Amma ko Baturke fari sol ne ya zo daga gidan masu salla, amsar da zai fara samu kenan.

Toh mu sauko kan abubuwan da soyayya bata bari a tattauna. Ban san sunan mahaifinka ba, amma ɗan Katsina ne kai, in ba Abubakar ba toh Umar, in ba Umar ba Usman, ko kai ko shi ko kakanka. Waɗannan sunaye uku da wuya ka same su a gidan Alevi, saboda yanda suke kallon abinda ya faru da halifanci bayan wafatin Annabi, Mu'awiya kuwa kar ma ka fara. Ranar da Allah ya ba ku ɗa namiji Hajiya ta kira ta ce a mayar da sunan Alhaji, me zaka ce mata, me kuma zaka ce wa surukinka da zai ɗauki jaririn? Akwai sunayen da kowane ɓangare zai yi murna da su, Ali, Hassan, Husaini, Fatima, Zainab, amma wannan yarjejeniya ce da ake yi tun yanzu, ranar suna ta yi latti. Kuma bayan sunan akwai babbar tambaya, me za a gaya wa yaron game da sahabbai, a bakin wa zai fara ji.

Ramadan zai zo, kai kaɗai zaka tashi sahur, ita ƙila ta dafa maka don tana sonka amma da rana zata ci abincinta, zaka iya kallon wannan shekara da shekaru baka ƙullace ta ba? Muharram zai zo, gidansu za su yi azumin kwana 12 na makoki, ba nama, masu tsanantawa ko ruwa zalla basa sha, ba biki ba shagali, a ƙarshe su dafa ashure, wani kunun zaƙi na hatsi, su raba wa maƙwabta. A daidai kwanakin ne mu a gida ake cika-ciki ana rabon nama da dariya. A bikin wasu danginta zaka ga giya a kan tebur, kamar yanda zaka gani a bikin Turkawa Sunni da yawa, zaka zauna ko zaka fita? Ran da babanta ya rasu a jemevi za a yi masa sallama, zaka shiga? Ita fa, in ta riga ka, wa zai yi mata sutura kuma a ina? Gidaje da yawa masu irin wannan auren sun yi shekaru talatin lafiya sai ranar jana'iza rigima ta tashi a kan gawa.

Sai kishiya, kar ka yi dariya. Kai yanzu zaka rantse baka da ra'ayi, na yarda, amma ka fito daga inda in mace bata yi wa dangi ba sai a ce ƙaro ta gida. Ita kuwa ta fito daga ƙasar da aka hana auren mace fiye da ɗaya tun dokar 1926, laifi ne mai ɗauri, kuma a tarbiyyar Alevi mace ɗaya ce, sakin mace ba dalili ma yana cikin abinda ake ware mutum a kansa. Saki na baki baya aiki a can sai kotu, kuma tun 2002 dukiyar da aka tara cikin aure ta ku biyu ce in an rabu, sai dai in kun rubuta wata yarjejeniya daban. Sannan a ina za ku zauna? In Ankara ne, ka gaya wa Hajiya ɗanta ba zai dawo ba? In Katsina ne, ka hango mace mara ɗankwali wadda bata jin Hausa, bata salla, a cikin gidanku ranar biki, ka hango bakin ƙannen babanka da matan unguwa? Kai zaka fita aiki, ita zata zauna da su. A duk lissafin nan ita ce mai asarar uba, dangi, aiki da ƙasa, kai abinda zaka rasa bai kai rabin nata ba, shi yasa ɓoye mata shirinka ya zama zalunci ko da niyyarka lada kake nema.

Maganar halacci, wadda na lura baka ma tambaya ba alhali ita ya kamata ka fara da ita. Aya ta 221 a Baƙara ta hana auren mushrika, musulma kuwa halal ce ko da mai saɓo ce. Diyanet tana lissafa Alevi cikin musulmi, wasu malamai kuma suna da maganganu masu zafi a kan wasu aƙidun da ake samu a cikinsu, kuma tunda na gaya maka su kansu kala-kala ne, hukuncin yana kan abinda ita wannan yarinyar ta ƙudurce. Ka tambaye ta cikin natsuwa, ba kamar ɗan sanda ba. Ta yarda babu abin bauta sai Allah kuma Muhammadu manzonsa ne na ƙarshe? Me take cewa game da Alƙur'anin da ke hannunmu? Wane matsayi ta ba Sayyidina Ali? Salla biyar, tana ganin wajibi ce da bata yi, ko tana ganin ba a wajabta ba? Malamai sun bambanta sosai tsakanin waɗannan biyun. Kar ka sa mata amsa a baki, kar ka ce ai abinda kike nufi kaza ne ko, ka bar ta ta faɗa da kalmominta, ka kwashe su yanda suke ka kai wa malamin da ka yarda da iliminsa da tsoron Allahnsa, wanda zai saurara kafin ya yanke, ba mai gajeren bidiyo a TikTok ba. In ya ce bai halatta ba toh magana ta ƙare, ku rabu da mutunci, ba zagi ba gori, kar ka bar ta da labarin cewa Sunni ya zo ya yi wasa da ita ya tafi.

Shawarar abokanka kuwa, Allah ya shirye su. Na san daga inda suka samo ta, yawancin Sunnin Turkiyya Hanafawa ne kuma a mazhabar Hanafi baligar mace tana iya ɗaura wa kanta aure, don haka za a samu limamin da zai yi. Amma kai a Malikiyya ka tashi, inda babu aure sai da waliyyi, yau kuma don ta biya maka buƙata sai ka canza sheƙa? Bar ma wannan. Auren liman shi kaɗai bashi da wata daraja a dokar Turkiyya, tun 2015 an daina hukunta masu yinsa kafin na hukuma amma har yanzu ba aure ba ne a kotu, ba gado, ba haƙƙin mata, in ka gama mastas bizarka ta ƙare ka hau jirgi, ita a takarda budurwa ce, a unguwa kuma wadda ta gudu da Sunni. Auren da doka ta sani shi ne na ofishin aure na ƙaramar hukuma, ko na mufti da aka ba izini tun 2017, da fasfonka da takardar shaidar baka da aure da aka fassara aka buga wa hatimi, da gwajin lafiya. Doka bata neman sa hannun babanta tunda ta wuce 18, gaskiya ne, amma wai daga baya kowa zai haƙura, wa ya gaya musu? Akwai iyayen da suka mutu basu sake yi wa 'yarsu magana ba. Kuma ka sani, tunda bayan shekara 3 da aure baƙo yana iya neman zama ɗan ƙasa, cikin dangin akwai masu cewa takarda kake nema, auren ɓoye tabbatar musu zai yi.

Hajiya. Kar ka yi mata ƙarya cewa yarinyar ta dawo Sunni ko ta fara salla, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, sati ɗaya a gidanku ya isa komai ya fito. Kar kuma ka bar yayanka ya zama shi ne tafinta tsakaninku. Ka samu wanda take jin maganarsa, ƙaninta ko yayarta ko malamin gidanku, ka zayyana masa komai, inda yayanka ya yi kuskure da inda ya faɗi daidai, don wani abin ya faɗi daidai. Kalmar ban yafe ba daga bakin uwa ba abin tsallakewa ba ce a kan auren da ba dole ba, kuma tsoronta irin na baban yarinyar ne sak, jikokinta take hangowa. In ta ji gaskiya duka, ta ji abinda malam ya ce, ta yi shiru na wani lokaci ta sauko, alhamdulillah. In bata sauko ba, ni bazan ce ka take maganarta ba.

In duk ka wuce waɗannan, yarinyar ta ji ainihin abinda ke ranka ta amince, malam ya ce ya halatta, Hajiya ta sassauta, sannan ne tambayarka ta shawo kan baba take da wuri. Kar ka je kai kaɗai, a can ma manya ke neman aure, ka samu dattijo mai iyali cikin 'yan Najeriya mazauna Ankara ko malaminka na jami'a da ya san halinka. Ku bi ta wurin mamanta ko kawunta, in gidan suna da dede da suke ji toh ka nemi a kai ka ka gaishe shi, ka roƙi izinin zama a jem ka gani da idonka. In an ba ku rana, fure da cakulan ake riƙowa, ka sumbaci hannun dattijon ka kai goshinka, in amarya ta kawo maka kofin gahawa ka ji gishiri a ciki ka shanye kar ka ɓata fuska, gwaji ne kuma kowa kallonka yake. Abu ɗaya da nake roƙonka kar ka faɗa, wai ai duk ɗaya muke, duk musulmi ne, babu bambanci. A wurinka magana ce mai daɗi, a wurinsa ita ce maganar da hukuma take faɗa duk lokacin da zata hana su matsayin jemevi, ma'anarta ku zo masallaci ku daina zama ku. Abinda yake son ji shi ne ka san su Alevi ne, bazaka hana ta zuwa jemevi ba, bazaka tilasta mata komai ba, jikokinsa za su san gidan da uwarsu ta fito. In zaka iya faɗar wannan har zuciyarka ka faɗa. In kana faɗa kana cewa a ranka bari dai a ɗaura, kar ka je, don yaudara ce, kuma mutumin da ya ga 1980 zai gane.

Ra'ayina tunda ka tambaya, a yanda saƙonka yake yau, matar da kake son aura ita ce wadda kake fatan yarinyar nan zata koma bayan shekara biyu, kuma bata yi maka alkawarin komawa ba. Shiriya ta Allah ce, tana iya zuwa, tana iya ƙin zuwa har ku tsufa, don haka lissafinka ya zama a kan bata canza ba ko kaɗan. Ka yi istihara, ka daina aika wa baban saƙo tukuna, ka gaya wa abokanka maganar liman ta mutu. Kafin watan nan ya ƙare ka zaunar da ita wurin da ba hayaniya, ka maimaita mata jimlar nan da ka rubuto min ta gyara, da bakinka, da Turkanci yanda zata fahimta sarai, ka yi shiru ka ji amsarta har ƙarshe. In kana so ka sake rubuto min abinda ta ce, sai mu ga ko akwai maganar zuwa wurin malam.